Inuwar Zawali

Ummi, wannan babin naki ne, ko da yake Mubarak da Auta ma su karanta, don su ma sun sha nasu rabon. Tun kina budurwa har yau da kike goye da taki 'yar, ba ki taɓa buɗe baki kin tambaye ni dalilin da ya sa na tafi Gwarzo na bar miki gida kina shekara goma sha uku ba. Da ma kin tambaya, da ya fi mini sauƙi. Abin da kike yi shi ne, da an ambaci shekarun nan sai ki miƙe ki ce bari ki duba tukunya, ko da babu komai a kan wuta. An gaya muku Baba ba shi da lafiya, kuma takardar zamana ta ƙare na kasa dawowa. Duk gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Yanzu gwiwa ta hana ni yawo, ina zaune a ɗakin da kika ware mini a Bukit Jalil ba aikin fari ba na baƙi, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faru tun daga tushe.

A shekarar muna Danau Kota, hawa na goma sha huɗu, gidan nan da ake hango duwatsu ta tagar kicin. Shekararmu ta bakwai ke nan a Kuala Lumpur. Abbanku ya gama karatun da ya kawo mu, jami'a ta riƙe shi yana koyarwa, ni kuma ina yin tuwo da masa, ɗaliban Najeriya su zo su yi tapau, wato a ƙulla musu su tafi da shi. Gidan kuwa kamar tashar mota yake. In yi magana da Hausa a mayar mini da Turanci, in na ɗaga murya a ce mini boleh, boleh, wai an ji za a yi, kuma ba za a yi ɗin ba. Auta da bai wuce shekara uku ba, komai ya faɗa sai ya liƙa masa lah a gindi. A shekara bakwai ɗin nan ban taka gida ko sau ɗaya ba, rasuwar Inna ma a waya na ji ta. Kullum da dalilina a hannu, yau kuɗin jirgi, gobe makarantar yara, jibi ciki ko goyo. Amma babban dalilin da nake faɗa wa kowa, har ni kaina na yarda da shi, shi ne nisa. Nakan ce ai mu a bangon duniya muke, ba wurin da mutum zai ce bari ya leƙa gida ya dawo ba ne.

Baba ladan ne a masallacin unguwarmu tun kafin a haife ni, kuma bai taɓa kiran salla da agogo ba. Wanda Abbanku ya kai masa lokacin aurenmu yana cikin gwangwani tare da allura da zare har ya bar duniya. Shi da inuwa yake aiki. Zai fito ƙofar masallaci ya cire takalmi, ya ba rana baya, ya duba inda inuwar kansa ta tsaya, sannan ya taka zuwa wurin, diddige na bin yatsa, yana ƙirgawa a hankali. Mu yara mu jeru a bayansa muna kwaikwayo, ya juyo ya kore mu da carbi. A bakinsa na ji cewa tsawon kowane mutum ƙafarsa bakwai ne, dogo ne ko gajere. Ranar da na je yi masa sallama za mu taho, bai hana ni ba, bai kuma ɗaure fuska ba. Abu ɗaya kawai ya ce.

"Rabi, inda za ki ɗin nan, in na mutu sai dai ki ji a bakin mutane."

Na yi kuka a mota har Kano, na kuma ji haushinsa, don gani nake ya ɗora mini laifi tun kafin in yi shi. Daga baya maganar ta zame mini mafaka. Tunda shi da kansa ya ce wurin ya yi nisa, to ya yi nisan. Duk Juma'a nakan kira shi mu gaisa, ya tambayi jikoki, ya tambaye ni ina rana take a wajenmu, in ce ta kusa faɗuwa, ya yi dariya ya ce shi ko wankan Juma'a bai yi ba. Minti biyar mun gama, in ajiye waya ina jin na sauke nauyi.

Wata rana cikin watan Satumba kika dawo daga makaranta ina tsakiyar suyar masa, kika zauna a kan bokitin shinkafa ko kayan makaranta ba ki cire ba, kika fara zuba. Wai malamarku ta kimiyya ta ba ku labarin mutanen Girka na dā, waɗanda ba su da aiki sai tambayar girman abubuwa. Ɗaya ya ce faɗin rana bai wuce tafin ƙafar mutum ba, tunda haka ido yake ganinta. Wani ya ce a'a, dutse ce mai wuta da ta fi yankinsu duka girma, mutanen gari suka tayar masa da hankali har sai da ya bar musu garin. Wani kuma ya zauna ya lissafa ƙwayar yashi nawa za ta cika sararin samaniya, don kawai ya nuna cewa babu abin da ya fi ƙarfin ƙirga. Na ce lallai waɗannan matansu ne ke yin cefane. Ko murmushi ba ki yi ba, kika ci gaba, rabi Turanci rabi Hausa, cewa wani a cikinsu ya ce duniya ba wani girman a zo a gani gare ta ba, domin mutum in ya ɗan yi tafiya kudu sai ya ga taurarin da bai saba gani ba, da ƙatuwa ce da sai ya shekara yana tafiya kafin sama ta sauya masa. Na ajiye cokali na ce wannan dai bai taɓa tasowa daga Gwarzo zuwa Malesiya ba.

Wanda ya fi burge ki shi ne wanda ya auna ƙugun duniya yana zaune a Masar. Ya ji labarin wani gari a kudu inda rana ɗaya a shekara haske ke faɗawa har ƙasan rijiya da tsakar rana, sanda ma ba ta yin inuwa. A nasu garin kuwa, a ranar, sanda tana da 'yar inuwarta. Kika ɗauko lemo a kwando kika soka masa tsinken sakace biyu, kika haska da fitilar waya, kika nuna mini yadda ɗaya ba shi da inuwa ɗayan yana da ita, saboda bayan lemon a lanƙwashe yake. Daga tsawon inuwar ake gane kashi nawa na kewayen duniya ke tsakanin garuruwan biyu, sai a ninka nisan da ke tsakaninsu. Malamar ta ce a Kuala Lumpur ma sau biyu a shekara rana tana tsayawa cak a bisa kan mutane, kuma saura 'yan kwanaki. Kowa ya nemi ɗan'uwa a wani gari da ke arewa ko kudu sosai, ya kafa sanda da tsakar ranarsu, ya aiko da awo da hoto. Ƙawayenki masu dangi a Sin da Tailan har sun gama shiri. Ke kuwa kika tsaya kina murza tsinke, kika ce ba ki da kowa. Na ce ke da kakanki ya shekara hamsin yana auna inuwa, ke ce ba ki da kowa?

Na kira Baba, sai da na yi da gaske kika karɓi wayar, don kunyar Hausarki kike ji, kullum daga Kaka ina wuni sai ki miƙo mini. Ranar kuwa kun fi rabin awa. Ina jin ki kina lalubo kalmomi, shi yana cike miki. Ya ce ai ya san su, Yunanawa ake ce musu a littattafan malamai, kuma masu kai ne ba laifi. Da kika gaya masa zancen mai cewa rana tafin ƙafa ce, ya yi dariya har da tari, ya ce a gaya wa mutumin ya zo Gwarzo da bazara ya taka ta ya ji. Nan take ya laƙaba miki Amaryar Yunanawa, ya ce tunda kin guje shi kin auri matattu, to ya haƙura, zai yi wa angwayen aiki kyauta. Rabon da in ji muryarsa da daɗi haka tun Inna na da rai.

Ranar da aka sa, muka sauka filin ajiye motoci ni da ke da Auta, muka jera gorar ruwa da gwangwanin madara a ƙasa. A nan tsakar rana ba ta yi sai ƙarfe ɗaya ta ɗan gota. Muna tsaye gumi na zuba, inuwar gorar ta yi ta tsukewa har ta shige ƙarƙashinta ta ɓace. Na duba ƙasa, tawa ma ta shige ƙarƙashin zanena. Auta ya yi ta juyi yana neman tasa, ke kina ta ɗaukar hoto. Ni kuwa na tsaya ina kallon ƙafafuna. Shekara bakwai abin nan yana faruwa a bisa kaina, ni 'yar ladan, ban taɓa sunkuyawa na duba ba.

Tsakaninmu da gida awa bakwai ne, don haka sai bayan magariba tasu ranar ta kai tsaka. Muna cin abinci waya ta yi ƙara, kika yi tsalle kika ɗauka, kika sa kowa ya ji.

"Amaryar Yunanawa, na auna. Babu komai."

Kika ce kamar yaya babu komai? Ya ce rana ta daidaita, babu abin ƙirgawa, ki rubuta sifili. Kika yi godiya da murya ƙasa-ƙasa, kika ajiye waya, kika shige ɗaki kina kuka. Muna jiyo ki da Turanci kina cewa in can babu inuwa nan ma babu, to duniya shimfiɗaɗɗiya ce ke nan kamar tabarma, kuma duk ajin za su yi miki dariya. Abbanku ya ɗauko taswira ya ce sam ba zai yiwu ba, Gwarzo tana arewa da mu sosai, sai dai in tsohon ya kuskure lokaci. Na ce Baba ya kuskure lokaci? Sai dai in ranar ce ta kuskure. Na kwashe kwanuka na shiga wanke-wanke raina a ɓace, hannuna na cikin kumfa abin ya faɗo mini.

Ladan ba ya lissafa inuwar da ta rage a ƙarƙashin mutum da tsakar rana. Inuwar zawali ake ce mata. Ita ake fara cirewa a ajiye gefe, sannan a soma ƙirga daga inda ta tsaya, in an samu ƙafa bakwai a kanta la'asar ta yi. Baba ya shekara hamsin yana cire ta, har ta daina zama inuwa a wurinsa. In ka tambaye shi awon tsakar rana, amsarsa babu, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da mutumin Masar yake nema shi ne daidai abin da ladan yake zubarwa. Na goge hannu a zane na kira shi na yi masa bayani. Ya fashe da dariya ya ce ashe angwayen nan tsintar abin da aka yar suke yi. Bai ko ce bari ya tuna ba, ya ce a wannan watan ƙafa ɗaya ce da ɗan ɗoriya, kuma arewa take kwanciya. Abbanku ya buga lissafi ya gyaɗa kai, ke kika fito da jajayen idanu kina dariya. Saura hoto, don malama ta ce ba ta karɓar awo sai ta ga sanda da inuwarta.

A kan hoton nan aka fara jan ƙafa. Abbanku ya ce kwana biyu ko uku ba za su ɓata lissafin sosai ba, muka ce to gobe. Gobe ta yi, Baba ya ce hadari ne. Washegari ya ce an yi rasuwa a unguwa. Rana ta uku ya ce shi fa hoto ba ya cikin tsarinsa, tunda ya faɗi awo a yarda da shi mana. Wannan ba halinsa ba ne, mutumin da in ya ce zai yi abu ko ruwa ake da ƙanƙara sai ya yi. Sai na kira Talatu, matar ƙanena Sani, wadda ke zaune a gidan tana kula da shi, kuma tana da wayar da ake ganin mutum. Na ce ta haƙa ɗan rami a tsakar gida ta tsayar da taɓarya, in rana ta kai tsaka ta kira mu mu gani da idonmu. Ta fara inda-inda, wai ko a bari Sani ya dawo, ya yi lodi zuwa Legas. Na ce Talatu, taɓarya ce fa, ba rijiya na ce ki haƙa ba. Na yi mata faɗa sosai, abin da har yau in na tuna nake jin kunya.

Muka taru a kan waya ɗaya bayan magariba. Ga tsakar gidanmu fari fat da rana, ga taɓarya a tsaye. Baba ya fito daga ɗaki a hankali, muka ji muryar Talatu tana ce masa ga su nan. Ya ɗaga hannu yana gaishe mu, amma fuskarsa ta ɗan kauce gefe, na ce a raina rashin sabo da waya ne. Ya durƙusa, ya miƙa hannu har ya taɓa taɓaryar, ya auna ta da taƙi daga ƙasa zuwa sama, ya ce shida da ɗan ɗoriya. Daga nan ya kifa tafin hannunsa a ƙasa a gindinta, ya fara ja arewa kaɗan-kaɗan. Bai sunkuyar da kai ba, fuskarsa tana sama tana fuskantar katanga. Ya ja hannun, ya tsaya, ya dawo da shi baya, ya sake ja. Inda zafin rana ya fara cizon bayan hannunsa, nan ya dasa yatsa, ya auna ya ce taƙi ɗaya cif. Kika yi ihu, Mubarak ya hau tafi, Abbanku yana rubutawa. Ni ban ji komai ba, hannun kawai nake kallo. Mutumin da ke hango bakin inuwa daga taku goma, yau da fatar hannu yake neman ta.

Na karɓi wayar na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ban ma gama tambaya ba Talatu ta fashe da kuka. Ta ce shekara biyu ke nan, a hankali abin ya zo, sun kai shi asibiti a Kano likita ya ce jijiyar idon ta riga ta mutu, babu abin yi. Har yanzu shi ke kiran salla, Sani ko liman ke gaya masa lokaci a asirce, shi kuma ya fito ya taka ƙafa a ƙofar masallaci yadda ya saba don kada yara su gane. Sau biyu yana faɗuwa a bakin kwata. Ya sa su rantse ba za su gaya mini ba, ya ce Rabi tana da nisa, in ta ji ba abin da za ta iya sai kuka, a bar ta ta riƙe 'ya'yanta. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ya ce zan yi, ina jiyo ku a falo kuna murna.

Washegari Asabar ce, kika baje takardu a teburin cin abinci. Inuwar ta ba ki kashi ɗaya cikin arba'in na kewayen duniya. Kika duba nisan da jirgi ke yi daga Kano zuwa nan, kika ninka sau arba'in, sai ga duniya ta fito ninki goma na wadda ke cikin littafi. Kika sake, ta sake fitowa haka. Abbanku ya leƙo ya ce inuwar tsakar rana ba ruwanta da gabas da yamma, abin da za ki ninka shi ne yadda Gwarzo ta fi mu hawa arewa kawai, kuma wannan bai wuce kamar Kano zuwa Legas ba, kilomita dubu. Kika ninka, dubu arba'in ta fito, daidai da littafi. Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Waccan ƙatuwar duniyar da kika samu bisa kuskure, ita ce wadda na shekara bakwai ina zaune a cikinta. Ɗaliban da ke sayen masata duk hutu sai sun je gida sun dawo, tafiyar ko kwana ɗaya ba ta cika ba. Mutanen da ba su da jirgi ba su da waya sun gane duniya ƙarama ce, ni da nake da duka biyun na hura ta don in samu wurin ɓuya. Na ce wa Abbanku zan tafi gida.

Ku shaida, Abbanku bai hana ni ba, bai kuma tura ni ba. Ya ce in jira hutun ƙarshen shekara mu san yadda za a yi, na ce ba zan iya ba. Ya ce in tafi da Auta, na ce ba zan iya jinyar makaho da goyo ba. Ya ce to wa zai riƙe gida, shi yana fita da safe sai yamma? Sai na juya na dube ki. A shekarar kin riga kin fi ni tsawo, takalmina kike sawa, abayata ma ta yi miki kaɗan. Kin iya dafa shinkafa da miya, ga shi kin zaunar da ni kin koya mini girman duniya da lemo. Matan 'yan'uwa da muke haɗuwa da su a Kampung Baru in an je cin abinci, kowace ta ce haba, ai Ummi ta girma. Na ce miki sati shida ne kawai, za ki iya? Kika yi murmushi kika ce boleh, Mama. Na san yadda kuke faɗin kalmar nan a gidan, na fi kowa sani. Na karɓe ta a matsayin amsa saboda ita nake son ji.

Da na isa Gwarzo na tarar da shi a zaure. Na yi sallama, ya ɗago kai. Ya shafa fuskata da hannu biyu ya ce wa ya karya masa rantsuwa, na ce babu kowa, hannunsa ne ya tona shi. Ya ce ai ya san Yunanawan nan ba za su bar shi lafiya ba. Daga ranar na zama idonsa. Ni ke riƙe shi zuwa ƙofar masallaci, in gaya masa inda inuwar kansa ta tsaya, ya taka da kansa ya ƙirga, ya daina jiran a raɗa masa lokaci. Ni ke ba shi abinci, ni ke yanke masa farce, mu zauna da hantsi ya yi ta ba ni labarin Inna. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin zaman nan, na ji daɗinsa fiye da duk wani zama da na yi tun aurena. Sati shida suka wuce, na ce a ƙara wata. A wata na huɗu, muna dawowa daga la'asar, ya tsaya a tsakiyar hanya ya saki hannuna.

"Rabi, ni an gama rainona tuntuni. Su ba a gama nasu ba. Ki koma."

Na ce to Baba, wata mai zuwa. Ya sake faɗa sau biyu bayan nan, daga baya ya daina. Takardar zamana ta ƙare da gaske, amma ina kallon ranar tana matsowa na bar ta ta wuce, don in samu abin faɗa. Shekara biyu da wata huɗu na yi, har ranar da ya cika da hantsi kansa a kan cinyata. Ban ji a bakin mutane ba. Wannan na samu, kuma ba zan ce ban gode Allah ba.

Abin da aka biya da shi kuwa, ba a bakinki na ji ba, don a waya kullum lafiya lau Mama kike ce mini. Maƙwabciyarmu Kak Mariam ce ta zaunar da ni bayan na dawo, da guntun Turancinta da guntun nawa. Ta ce kina tashi tun asuba ki dafa na safe da na rana, ki yi wa Auta wanka ki kai shi gidan raino, sannan ki bi motar makaranta da gudu. Ta ce kin fita daga ƙungiyar kimiyya tun watan farko, don ana tsayawa bayan an tashi, malamar ta biyo ki har gida kika ce ba kya so ne kawai. Ta ce ranar da kika fara ganin jini ƙofarta kika ƙwanƙwasa, don ba ki san yadda za ki gaya wa Abbanku ba. Sauran na gani da idona ranar da na dawo. Auta ya ɓuya a bayanki yana leƙena. Ke kuma kika kawo mini shayi a faranti, kika durƙusa kika gaishe ni yadda ake gaida baƙuwa, kika tambaye ni cokali nawa na sukari nake sha.

Mutanen nan na Girka, in na fahimci abin da kika koya mini, duk rigimarsu a kan abu ɗaya ce, kada a yarda da ido wajen girman abu. Na ɗauki darasin a kan duniya, na kasa ɗaukarsa a kanki. Na auna ki da tsawonki. Ban yi nadamar zuwa wurin Baba ba, in na ce na yi to ƙarya nake. Amma wata huɗu nasa ne, shi da bakinsa ya sallame ni. Sauran shekara biyun daga rabonki na ɗiba, ba Baba ne ya sa ni ba, ba Abbanku ba, ba takarda ba.

Ke 'yar fari ce, ga shi sunan Inna aka sa miki, kunya biyu ke nan, shi ya sa tun ranar suna bakina bai taɓa kama sunanki ba. A gidan da na tashi kuma uwa ba ta roƙon 'yarta gafara, sai dai ta ƙara mata nama a miya ta yi shiru. Na yi shekaru ina ƙara miki nama, kina turawa gaban Auta. Yau na ajiye kunyar duka.

Hadiza, yarinya ce ke a lokacin. Na gani, na kau da kai. Ki yafe mini.